Hoton Maƙogwaron Yaya

Ranar sadakar bakwai, bayan la'asar, baƙi sun ragu. Waɗanda suka rage a ɗakin matar Yaya su ne ita mai takaba, tana kusurwa a kan tabarma da carbinta. Babbar ɗiyarsa da ke aure a Ƙwanni. Babban ɗansa, wanda zabirar wanzanci ta koma hannunsa. Ɗan baffanmu na Araba, wanda tun ranar jana'iza bai koma gida ba. Ɗiyata, wadda ita ke rubuta abin da nake faɗa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Sai ni, ƙanwar mamacin. A zaure kuma akwai mutum ɗaya da ya ƙi tafiya, wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, da ba danginmu ba ne, amma kwana bakwai shi ke share ƙofar gida, shi ke shimfiɗa tabarmi.

Jama'a sun zo. 'Yan canji sun bar teburansu, fatake sun tsallako daga can ɗin iyaka, Fulani sun ɗaure shanu sun shigo gari. Liman ya ce da ya waiwaya ya dubi sahun sallar gawa, rabin mazan da ke tsaye Yaya ne ya yi musu kaciya, sauran rabin kuma shi ya aske musu gashin suna. Wani tsohon Bafillace ya cire hula a zaure, ya shafa kansa, ya ce shekara talatin bai ba kowa kan nan ba sai mutum ɗaya, yanzu bai san inda zai kai shi ba. Mata kuma kowace da nata: wadda ya tsaga wa ɗa maruru, wadda ya kora asibiti da faɗa.

Amma duk wanda ya gama addu'a ya shafa, sai magana ta karkata wuri ɗaya. Hoto. A ɗakin ma ɗan baffanmu ne ya sake tayar da ita.

Ya ce, “Ni wanga abu har gobe ban gane mashi ba. Sunka sa shi cikin inji, sunka ce ba komi. Shekara ba ta zagayo ba, injin nan dai yac ce ciwo ya cinye wuya. To wace rana ce ya faɗi gaskiya?”

Babbar ɗiyar Yaya tana zaune da ƙyalle a hanci. Fiye da shekara ke nan ƙofar hancinta ta hagu a toshe take, kuncinta na ciwo, wani lokaci da jini-jini. Likita a Ƙwanni ya ba ta takarda ta je a yi mata irin wannan hoton. Ta sauke ƙyallen ta ce, “Ni kam ba ni shiga. Abin da yac ce ma Baba lafiya lau, ni mi zai gaya mani? Gobe in koma ɗakina.”

Kowa ya gyaɗa kai. Ni kaɗai a ɗakin nan na san hoton bai yi ƙarya ba, kuma na san in na yi shiru yarinyar nan za ta koma Ƙwanni da abin da ke cikin fuskarta. Kafin in faɗi abin da na yi, bari in faɗi wane ne Yaya, don kada a tuna shi da ciwonsa kaɗai.

Ya girme ni da shekara tara. Wanzanci gadon gidanmu ne, daga kakanmu zuwa mahaifinmu zuwa shi. Wurin zamansa gindin wani bedi ne, wato dogon yaro, a nan garinmu Illela, a bakin hanyar da ke fita iyaka: tabarma, kwanon ruwa, sabulu, zabira, da ɗan gwangwanin tabarsa da yake cakuɗawa da kanwa ya sa a baki tun yana saurayi. Murya gare shi. In ya gaida mutum a wannan gefen titi, na wancan gefen ma amsawa yake. Hannunsa na aski, bakinsa na labari, labarin Najeriya da na Nijar duka. Amma da aska ta iso maƙogwaro sai ya yanke zance ya ce, “Kak ka motsa. Kak ka haɗiye yawu.” Haka yake ce wa attajiri, haka yake ce wa mai tura baro.

In an kawo masa mai ciwon wuya, ba ya duba shi a inuwa. Sai ya fito da shi rana, ya juya fuskarsa ga haske, ya ɗaga haɓarsa da yatsa biyu, ya danne harshe da ƙotar cokali. Ya daɗe yana kallo. Maganarsa ɗaya ce, duk garin nan an san ta: “Ba ni sa aska inda idona bai kai ba.”

A kan wannan maganar muka yi faɗan da ya fi kowane tsawo. Da aka haifi jikata ta fari, na aika masa ya zo ya cire mata belu, yadda aka cire mana duka. Ya zo, ya fita da jaririyar rana, ya duba, ya dawo ya miƙa wa uwarta, ya naɗe zabira.

Ya ce, “Auta, wagga yarinya lafiyarta lau. Mi zan yanka?”

Na ce, “Abin da Baba ya yanka.”

Ya ce, “Ni nir riƙe ma Baba kwano. Wasu sun kama nono, wasu jinin bai tsaya ba. Ke ba ki gani ba, ni na gani.”

A gaban surukai na ce masa tsoro ya shige shi, ya zubar da gadon gida. Wata biyu ban gaishe shi ba. Shi ya kashe maganar. Ya zo da rana tsaka ya zauna a ƙofar ɗakina, bai ce komai a kan abin da ya wuce ba, ya ce a dama masa fura. Ya sha, ya ce yaji bai ji ba. Yarinyar nan yau 'ya'yanta uku, da belunta.

Auta. Ina da jikoki, matan unguwa in sun hango ni gyara mayafi suke, a gidanmu in ana son ainihin magana ni ake tambaya, ba don ana jin daɗin amsata ba. Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana Auta, kuma in ya kira sai na amsa.

Shi ɗan kabu-kabun da ke zaure, ga yadda ya shigo rayuwarmu. Shekarun baya ya faɗi da babur a hanyar Lafani. Ya tashi da ƙafarsa, sai kansa ke sara, abokansa suka kawo shi gindin bedi a yi masa ƙaho a ƙeya, a zuƙe mataccen jini. Yaya ya juya shi ga rana. Ya ga wani ruwa-ruwa mai jini na fita daga kunnensa, gefen bakinsa ɗaya ya saki. Ya ajiye ƙahon. Ya bar wani ɗan kasuwa da rabin kai a aske, ya shiga mota da yaron mutane har Sakkwato.

A can ne aka yi masa abin da likitoci ke kira siti sikan, mu kuma muke ce masa hoto. Ana kwantar da mutum a siririn gado, gadon ya zarce cikin wani zobe kamar bakin rijiya da aka tayar tsaye, sai a ga cikin kai yanki-yanki, yadda ake yanka albasa. Hoton ya nuna ƙashin bayan kunne ya tsage, jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Aka yi masa aiki a ranar. Kunnen bai ƙara ji ba, amma ga shi yana share mana ƙofar gida.

Yaya ya dawo kamar wanda ya ga abin al'ajabi a hajji. Wata guda ba shi da wani labari. “Ƙashi fa, Auta. Tsaga kamar silin gashi, injin ya gan ta. Ba yanka, ba jini. Wanga abu komi gani yakai.” Duk wanda ya zauna a tabarmarsa ya tashi da wannan karatun. Kalmar komi ɗin nan shi ya ƙara ta. Babu likitan da ya gaya masa haka.

A ƙarshen daminar bara waccan muryarsa ta dishe. Muka ce sanyi ne. Matarsa ta dafa citta da kanumfari, aka kawo zuma daga daji. Wata uku, murya sai ƙara shigewa take. Da ɗansa ya ce a je asibiti, ya ce shi ba ya son kowa ya taɓa shi, injin nan kawai yake so. Ya matsa har aka rubuta masa takardar hoto a wani ƙaramin asibiti. Matarsa gwiwa ta hana ta tafiya, ɗansa zai riƙe gindin bedi don ranar kasuwa ce, sai ni na raka shi Sakkwato.

A ƙofar ɗakin hoton ma'aikata suka tambayi wata mata ko tana da ciki, suka mayar da ita, suka ce hasken injin ba abin wasa ba ne, ba a shiga sai da dalili. Shi suka yi masa allura a jijiyar hannu, ya ce jikinsa ya ɗau ɗumi har tafin ƙafa. Ina bakin ƙofa na ji murya daga bango tana cewa, “Baba, kada ka motsa. Kada ka haɗiyi yawu.” Ya fito yana dariyar da ba ta da sauti. Ya ce, “Kin ji? Yau an rama ma mutanen Illela.”

Da hoton ya fito aka ce mu kai wa likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Muna jira a benci, kusa da mu wani dattijo da farin ƙyalle a wuya. Da iska ta ɗaga ƙyallen na ga bututu a cikin rami, ta nan yake numfashi. Yaya ya gaishe shi, ya amsa da hannu. Yaya ya tambayi matar mutumin yadda abin ya fara. Ta ce, “Murya ce ta dishe.” Daga nan idon Yaya bai bar wuyan nan ba. Kallon mai sana'a yake masa, yana auna inda aka yanka.

Likitan matashi ne, daga bakinsa na gane mutumin Kano ne. Ya ɗora hoton a kan haske ya daɗe yana bi. Abin da ya faɗa ina riƙe da shi kamar yau.

Ya ce, “Baba, ban ga ƙari a hoton nan ba, ban ga kumburi a wuya ba, kuma wannan abin godiya ne. Amma hoton nan gwani ne a kan ƙashi, da abin da ya girma, da abin da ya nutse ciki. Abin da ke kwance a saman fatar maƙogwaro, siriri kamar ɓawon albasa, yana iya wuce shi bai gani ba. Muryar da ta dishe wata uku, sai na gani da idona.”

Ya nuna mana wata siririyar roba mai fitila a baki. Ya ce ta hanci ake zura ta, ba a daɗewa, ran Talata ake yi. Yaya har ya gyaɗa kai ya ce, “Haka aikin yake. Ba a sa aska inda ido bai kai ba.” Likitan ya yi dariya, ya rubuta 'yar takarda. Ya dube mu biyu, ya zaɓi wadda fuskarta ta fi tsauri. Ya ce, “Mama, ke na ba. Kada ya wuce Talata.”

A tasha muna jiran mota ta cika, Yaya ya ce, “Auta, in munka isa gida, ki ce hoto bai nuna komi ba.”

Na ce, “Ba shi kaɗai anka ce ba.”

“Na ce ki yi ƙarya? Hoto ya nuna wani abu?”

“Bai nuna ba.”

“To shi za ki faɗi.” Ya ci gaba da wannan 'yar muryar da sai na kai kunne. “In ya duba zai gani. In ya gani zai yanka. Ni na san mai aska, ba ya ganin abu ya bar shi. Kin ga mutumin can na benci. In zan mutu, in mutu da muryata.”

Na ce, “Wace muryar? Ai ta tafi.”

Ya ce, “Ragowar ta isa in kira ki.”

Tun da na buɗe ido a duniya bai taɓa roƙona komai ba. Amma ba zan ɗora masa duka ba, yana kabari. Ni ma na so a ce maganar ta ƙare a hoton nan. A babban ambulan yake, mai nauyi, daga injin da ya ceci rai a gabanmu. 'Yar takardar kuwa ba ta kai tafin hannu ba.

Da muka iso gida aka taru a tsakar gida. Ba shi suka tambaya ba, sun san shi da gyara labari. Ni suka tambaya. Babban ɗansa ya ce, “Gwaggo, mi anka ce?” Na ce, “Hoto bai nuna komi ba.” Tunda daga bakina ta fito, babu wanda ya ƙara tambaya. Matarsa ta toya waina ta raba sadaka. Aka rataye ambulan a ƙusa saman gadonsa, yana nuna wa baƙi. 'Yar takardar na sa ta a ƙasan kwallata, ƙarƙashin zannuwa.

Ban iya karatu ba, amma duk Talata na san Talata ce. Sau biyu na je na same shi. Na farko ya ce bayan Salla. Na biyu ya ce bayan an kai amfanin gona gida. Ni da nake tsayawa a kan gishirin miya har sai an gyara, na juya na koma ɗakina.

Wata goma sha ɗaya. Sannan numfashinsa ya fara fito, tuwo ya daina wucewa, wani ƙulli ya fito a ƙarƙashin muƙamuƙi. Wannan karon ɗansa ne ya ɗauke shi, ni na bi su. Aka sake hoto. Likitan nan dai ya jera na da da na yanzu a kan haske, ni da ban san kan abin ba na ga bambanci. Inda da hanya ce buɗe, yanzu wani abu ya cika ta, sai ɗan rami kamar na allura. Ya nuna mana inda ya faro, da inda ya ci guringuntsi, da inda ya sauka a gefen wuya. Ya ce ba don hoton nan ba da bai san iyakar abin ba, da a makance zai shiga. Amma ya ce ko yanzu hoton bai iya faɗin sunan ciwon ba, sai an tsinko ɗan nama an duba. Aka tsinko. Ciwon daji ne.

Ɗansa ya fita karɓo magani, muka rage mu uku. Likitan bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Mama, ba ku dawo ba.”

Na ce, “Da mun dawo waccan Talatar fa?”

Ya ce, “Ban san abin da Allah ya rubuta ba. Amma irin wannan in an kama shi yana ƙarami, sau da yawa ana maganinsa, har muryar ta tsira.”

Ni na tambaya, ya ba ni amsa. Yaya yana kallon bango.

A satin aka huda masa wuya aka sa bututun, don numfashi ya samu hanya. Abin da ya guda, shi ya same shi, kuma babu murya, babu lafiya. Aka yi masa gashi da hasken inji na wasu makonni, sannan aka ce mu koma gida a riƙa rage masa zafi.

Wata huɗu ya yi a gida ba magana. Amma bai daina aiki ba. Ran Juma'a ɗansa ke masa aski a tsakar gida, in ya karkata aska ba daidai ba sai ya kama wuyan hannunsa ya gyara. Ɗan kabu-kabun nan kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a gefensa, ɗaya ba ya ji da kunne ɗaya, ɗaya ba ya magana, su wuni lafiya. In na shigo sai ya motsa leɓe. Na san abin da yake cewa. Ina amsawa.

Sati biyu kafin rasuwarsa babbar ɗiyarsa ta zo daga Ƙwanni jinya. 'Yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba don kunya, Ta Ƙwanni yake ce mata. Kwana biyu yana kallonta tana kai ƙyalle hanci. Rana ta uku ya yi nuni a fito da shi rana. Ya yafito ta, ta durƙusa. Ya juya fuskarta ga haske, ya ɗaga haɓarta da yatsa biyu. Ya leƙa hancin ya daɗe. Ya danna kuncinta, ta zabura. Sai ya sake ta, ya nemo ni da ido a cikin mutanen da ke tsaye. Ya nuna idonsa, ya girgiza kai. Ya nuna ta. Ya nuna kudu, hanyar Sakkwato. Sannan ya nuna ni, ya bar yatsan a kaina har na sunkuyar da kai. Sauran sun ɗauka albarka yake sa mata.

Ya cika ran Alhamis da hantsi, kansa a cinyar ɗansa. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa tsoronsa, ya saka masa da kowane kai da ya aske da kowace jaririyar da ya ƙi yanka.

To wannan ne a cikina ranar bakwai, lokacin da Ta Ƙwanni ta ce gobe za ta koma ɗakinta. Tun safe na ciro 'yar takardar daga kwalla na ɗaure ta a bakin zane. Na kwance ta na miƙa wa babban ɗansa.

Na ce, “Karanta da ƙarfi.”

Ya karanta, ya juya ta, ya dubi kwanan watan. Ya ce, “Gwaggo, wagga ta zuwan farko ce. An ce a koma Talata a duba da roba. Ina tac fito?”

Na ce, “Daga kwallata.” Na faɗa musu duka, abin da likita ya ce, da mutumin benci, da maganar tasha. Na ce, “Hoto ya faɗi abin da ya gani, likita ya faɗi abin da hoto ba ya gani. Ni na kawo muku rabi.”

Ɗan baffanmu ya fara salati. Ya ce kwana ne ya ƙare, kada a tayar da abin da ya wuce. Na ce masa ban musa kwana ba, amma ya daina zagin inji a gaban yarinya mai ciwo.

Matar Yaya ba ta ɗago ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce, “Wata goma sha ɗaya ina dafa mashi citta. Kina shigowa kina gani.”

Na ce, “Ina gani.”

“Har kin taɓa cewa zumar ba ta da kyau, a sake wata.”

Ta juya fuskarta ga bango. Har yau da nake wannan maganar gaisuwa kaɗai ke tsakaninmu, kuma hakkinta ne.

Babban ɗansa ya ninke takardar ƙanana-ƙanana, ya sa a aljihu, ya fita. Ta Ƙwanni ce kawai ta dube ni cikin ido. Ta ce, “Ranar da ya duba ni a rana, mi yac ce maki?”

Na ce, “Ya ce idonsa bai kai ba. Naki a cikin ƙashin fuska yake, inda hoton ya fi kowa gani. Ya ce in kai ki.”

Ta ce, “Ke?”

Na ce, “Ni.”

Ta mayar da ƙyallen hancinta, ta tashi ta shiga haɗa kayanta.

Washegari bayan sallar asuba na sa ɗiyata ta kira mini mijin Ta Ƙwanni a waya. Ban roƙe shi ba, na gaya masa inda matarsa za ta, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na yi wanka, na ɗaura zanen fita. Na shiga ɗakin Yaya na sauke ambulan biyun daga ƙusa, don likitan ya gane ni tun daga ƙofa.

Da na fito, rana ta ɗan ɗago. Tana ƙofar gida da jakarta, ɗan kabu-kabun ya tayar da babur, kan babur ɗin na kallon arewa, wajen iyaka. Na je ta gefen kunnensa mai ji na ce ya juya shi, tashar Sakkwato za mu. Bai tambaye ni ba, ya dubi ita.

Na matsa na kama haɓarta da yatsa biyu, na juya fuskarta ga rana yadda na ga ana yi tun ina yarinya. Ba ta ƙwace ba. Na leƙa. Duhu kawai na gani.

Na ce, “Ban ga komi ba. Kuma wannan karon ba ni cewa babu komi.”

Ta buɗe jakar, ta tono takardar likitan Ƙwanni daga ƙasan kaya, ta dube ta, ta dube ni. Ba ta ba ni ba, ta soke ta a cikin rigarta. Ta hau babur ɗin, ta matsa gaba ta bar wuri a bayanta.

Ta ce, “Gwaggo, duk abin da likita zai faɗi, a gabana zai faɗe shi.”

Na ce to. Na hau, na rungume ambulan a ƙirji, muka bi ta gaban bedin. Ɗansa ya riga ya shimfiɗa tabarma, tsohon Bafillacen nan na zaune a kai, hularsa a hannu.